Ciwon hantsa a karsana: yadda ake gano ƙwayar cutar da maganin da zai ci ta

Karsana tana iya zuwa haihuwar fari da ciwo a hantsarta alhali hannun mai tatsa bai taɓa kaiwa gare ta ba. Ƙwayoyin cutar kan shiga tun tana maraƙa. 'Yan maruƙan da aka ɗaure a dangwali ɗaya suna tsotsar nonon juna, ƙudaje masu cizo suna yi wa kan nono miki da damina, kaska tana lafewa tsakanin cinya da hantsa. Idan ciki ya tsufa kuma, hantsa ta cika, ƙofar nono ta saki, dabbar tana kwana a kan kashin shanu mai danshi. A daidai wannan lokaci ne naman da ke yin madara yake ginuwa, don haka duk inda cutar ta ci ya zama tabo, tabo kuwa ba ya ba da madara har abada. Mai Bokoloji da ya ciyar da karsana shekara uku da rabi zuwa huɗu kafin ta haihu, sai ya wayi gari da saniya mai nono uku.

Abin da aka saba yi sananne ne: a aika yaro kasuwar Kara ta Sakkwato ko shagon maganin dabbobi mafi kusa, ya sayo oksitetrasaikilin mai dogon aiki ko haɗin penisilin da istireptomaisin, a yi allura ɗaya, kumburi ya ɗan sauka, a ce ta warke. Wani lokaci an dace. Sau da yawa kuwa ƙwayar ta daɗe da bijire wa maganin, ko kuma ba irin wadda maganin ke kashewa ba ce tun asali. Gwajin ɗakin bincike ne ke raba wannan gardama, amma sai an san iyakarsa. Idan takardar sakamako ta ce magani ba zai yi ba, a yarda da ita. Idan ta ce zai yi, to akwai sauran sharuɗɗa.

Wace karsana za a gwada

Hantsa sassa huɗu ce, kowane sashe da kan nononsa, kuma madarar wani ba ta shiga wani. Saboda haka sashe ake dubawa, ba dabba gaba ɗaya ba. Alamun fili su ne kumburi, zafi, tauri, gudaji a madara, madarar da ta tsinke ta koma ruwa-ruwa, jini ko mugunya, da harbi idan an taɓa. A tatsa zubin farko a kan baƙin faranti ko baƙar leda, gudajin ya fi fitowa. Kumburin da ya game sassa huɗun daidai wa daida, babu zafi, idan an danna yatsa ya bar gurbi, yawanci ruwan haihuwa ne, ba ya buƙatar maganin ƙwayoyin cuta.

Wanda ya fi yawa shi ne ɓoyayyen ciwo, madara fes a ido amma cike da ƙwayoyin garkuwar jiki. Ana kama shi da gwajin CMT, wanda aka fito da shi a Kalifoniya a 1957. Faranti ne mai ramuka huɗu. A zubar da zubi biyu ko uku na farko, a tatsa kamar mililita 2 daga kowane nono cikin raminsa, a zuba ruwan gwajin daidai yawan madarar, a juya a hankali na daƙiƙa 10, a karanta kafin daƙiƙa 20 su wuce. Madara mai lafiya tana nan ruwa. Mai ciwo takan yi yauƙi irin na miyar kuɓewa, idan ciwon ya yi ƙarfi ta dunƙule a tsakiyar ramin. Dakashi kan ba da yauƙin ƙarya, don haka a jira kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa. Inda ake da na'urar ƙirga, madarar da ta haura ƙwayoyin jiki 200,000 a mililita ɗaya abar zargi ce, a karsana ma ana fara zargi tun daga 150,000.

Ɗaukar samfurin madara

A nan aka fi ɓata aikin, kuma babu ƙwarewar ma'aikacin ɗakin gwaji da za ta gyara samfurin da ƙazanta ta shiga. Fatar nono, hannun mutum da ƙurar garke duk cike suke da ƙwayoyin da za su tsiro a farantin da ake rainon ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji su yi kama da masu laifi.

Kayan aiki: kwalaben gwaji masu murfin murɗawa waɗanda aka kashe wa ƙwayoyin cuta, auduga, sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, safar hannu, tawul na takarda, alƙalamin da ba ya gogewa, da kula mai ƙanƙara. Kwalbar magani da aka wanke a gida ba ta yi. Safar hannun kuma ba don madarar kaɗai ba ce, ɗanyar madara na iya ɗauke da cutar bakkale da tarin fuka, dukansu suna kama mutum.

Tambayar farko ga mai dabba ita ce, "Ardo, an yi mata allura ko an ɗura mata wani abu a nono cikin kwanakin nan?" A yi tambayar da lallashi, domin mutane kan ɓoye. Idan akwai sauran magani a madarar, sau da yawa babu abin da zai tsiro a faranti, an yi asarar kuɗi da tafiya. In dabbar ba ta cikin haɗari, a jira kamar mako guda bayan maganin ƙarshe.

Shanunmu na gida ba sa sakin madara sai ɗan maraƙi ya fara tsotsa. A bar shi ya tsotsa har nono ya cika, a janye shi a ɗaure a gaban uwar. Yawunsa cike yake da ƙwayoyin cuta, don haka tsaftacewar da za ta biyo baya ba ta wasa ba ce. A rubuta wa kwalba suna tun kafin a durƙusa: sunan dabba ko lambarta, sashe (gaba dama, gaba hagu, baya dama, baya hagu) da kwanan wata. A kakkaɓe busasshiyar ƙazanta daga hantsa. Idan sai an wanke, a wanke kan nono kawai a tsane shi sarai, domin ruwan da ke gangarowa daga sama shi ke kawo datti bakin ƙofa. A zubar da zubi uku ko huɗu a wani mazubi, ba a ƙasa inda shanu ke kwana ba. Sannan a goge bakin nono da auduga mai sifirit na daƙiƙa 10 zuwa 15, a sake sabuwar auduga, a ci gaba har sai ta fito fara tas. Kowane nono da audugarsa. Wajen gogewa a fara da nonuwan da ke nesa da mutum, wajen ɗiba kuma a fara da na kusa, don kada hannu ya shafi wanda aka riga aka tsaftace. A bar sifirit ya bushe.

A buɗe kwalbar a riƙe murfin yana kallon ƙasa, kada yatsa ya taɓa cikinsa. A karkatar da kwalbar, kada a riƙe ta a tsaye ƙarƙashin hantsa inda gashi da ƙura za su faɗa, kada kuma bakinta ya taɓa nono. Mililita 3 zuwa 5 sun isa. A rufe nan take a sa cikin ƙanƙara. Ba a haɗa madarar sassa biyu a kwalba ɗaya. Da hunturu a juya wa iska baya ko a sa wani ya kare da tabarma.

Zafin Sakkwato a watan Afrilu kan haura digiri 40, kuma ƙwaya irin E. coli tana iya ninka kanta cikin minti 20 idan ta sami ɗumi. Kwalbar da ta yi tafiya a aljihu daga Illela, Wurno ko Tambuwal zuwa cikin gari, ƙwayoyi goma na datti da suka faɗa mata sun zama dubbai kafin a isa. A riƙe samfurin a sanyin firji, wajen digiri 4, a kai shi cikin awa 24. Idan hakan ba zai yiwu ba a daskarar da shi a firizar da ba ta narkewa, da sanin cewa daskarewa na rage E. coli, tana kuma kashe wata ƙwayar cutar da ake kira Mycoplasma. Kafin a kama hanya a tuntuɓi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko asibitin dabbobi na jiha, a ji ranar da suke karɓa da irin kwalbar da suke so.

Karsanar da ta daina cin abinci, zafin jikinta ya wuce digiri 39.5 da sassafe, ido ya faɗa, ko nono ya yi sanyi ya fara baƙi, ba ta jiran sakamako. A ɗebi samfuri cikin minti biyar ɗin farko, likita ya fara magani da ƙarin ruwa nan take.

Sunan ƙwayar kafin sunan magani

A ɗakin gwaji ana shafa mililita 0.01 na madarar a kan aga (daskararren abincin da ake rainon ƙwayoyin cuta a kai cikin faranti) mai jinin tumaki, da wani a kan wata agar da ake kira MacConkey, a ajiye a digiri 37, a duba bayan awa 24 da kuma 48. Idan iri uku ko fiye suka tsiro, samfurin ya gurɓata, a sake ɗiba. Kuskure ne babba a zaɓi ɗaya daga cikinsu a yi masa gwajin magani don kawai a ba mai dabba takarda. Haka kuma ba abin mamaki ba ne kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye na madarar da ke da ciwon fili ta ƙi tsirar da komai. Ko jiki ya riga ya kashe ƙwayar, ko akwai magani a ciki, ko Mycoplasma ce wadda ke buƙatar abincinta na daban.

Rinin Gram, gwajin katales da ruwan haidirojin feroksaid na kashi 3, da gwajin kowagules, mai nuna ko ƙwayar na daskarar da ruwan jinin zomo (a duba a awa 4 da awa 24) sun isa su raba manyan rukunai. A karsana waɗanda aka fi samu su ne dangin Staphylococcus marasa daskarar da ruwan jini, musamman Staphylococcus chromogenes. Yawancinsu ciwonsu mai sauƙi ne, da dama kan tafi da kansu cikin makonnin farko na tatsa. Staphylococcus aureus shi ne mugun, yana yaɗuwa ta hannu da tsumman goge nono, yana gina ƙananan marurai cikin naman hantsa. Streptococcus agalactiae yana yaɗuwa ta hanyar tatsa da ba maruƙa madarar mai ciwo, amma penisilin na kashe shi cikin sauƙi. Streptococcus uberis, E. coli da Klebsiella daga ƙasa da kashi suke zuwa. Trueperella pyogenes kuwa, mai mugunya mai kauri da ɗoyi wadda ƙudaje ke kaiwa, sashen da ta kama da wuya ya dawo ko da faranti ya ce kowane magani na cin ta.

Sanin sunan kaɗai ya yanke rabin shawara. E. coli ba ta jin penisilin, kuloksasilin ko tailosin a halittarta. Klebsiella ba ta jin ampisilin. Mycoplasma ba ta da bangon da dangin penisilin ke fasawa. Idan yis ne ya tsiro (dangin fungas, ba bakteriya ba), maganin ƙwayoyin cuta ƙara masa fili yake yi.

Farantin gwajin magani

Hanyar da aka fi bi ita ce ta Kirby-Bauer, wadda aka daidaita a 1966: a shimfiɗa ƙwayar a kan aga, a ɗora 'yan takardu masu ɗauke da magani, a auna faɗin da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa. Sauƙin ta ne ke yaudarar mutane, domin kowane mataki yana iya ƙara ko rage milimitoci.

Agar Mueller-Hinton ake amfani da ita, ba kowace aga da ta rage a firji ba. Giram 38 a lita ɗaya ta tataccen ruwa, a dafa a tukunyar matsi a digiri 121 na minti 15, a bari ta huce zuwa digiri 45 ko 50, a zuba mililita 25 a farantin milimita 90 a kan tebur mai daidaito. Wannan ke ba da kaurin milimita 4. Masu tsimin aga kan zuba ƙasa da haka, maganin ya bazu da nisa, da'ira ta yi faɗi, ƙwayar da ta bijire ta fito kamar mai jin magani. Aga mai kauri kuma akasin haka take yi. Ma'aunin tsamin agar (pH) ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.4, idan ya sauka jentamaisin da eritromaisin kan yi rauni, tetrasaikilin kuma ta nuna ƙarfin da ba ta da shi. Iskar hunturu na busar da faranti, a ajiye su cikin leda a ɗaure a firji, a yi amfani da su cikin mako guda. Dangin Streptococcus sai an ƙara wa agar jinin tumaki kashi 5.

A tsinci ɗigon tsiro uku zuwa biyar masu kama ɗaya daga farantin da ya kwana ɗaya, a dama cikin ruwan gishiri na kashi 0.85, a daidaita gurɓacewarsa da ma'aunin McFarland 0.5, wato kimanin ƙwayoyi miliyan 150 a mililita. Wanda ba shi da na saye yana iya haɗawa: mililita 0.5 na bariyam kuloraid mai kashi 1.175 cikin mililita 99.5 na salfiyurik asid mai kashi 1, a rufe gam a ajiye a duhu, a girgiza kafin kowane amfani. A jera kwalaben biyu a gaban farar takarda mai baƙaƙen layuka a kwatanta. Damu mai kauri na ƙanƙantar da da'ira, mai ruwa-ruwa na faɗaɗa ta, kuma wannan ne kuskuren da ya fi yawa.

Daga nan ƙa'idar 15 uku ce. A shafa damun a faranti cikin minti 15 da haɗa shi. A ɗora takardun cikin minti 15 da shafawa. A sa farantin a akwatin ɗumi cikin minti 15 da ɗora su. Wajen shafawa a matse audugar a jikin kwalba, a shafe farantin duka sau uku ana juya shi kashi ɗaya cikin shida na zagaye kowane karo, a zagaye gefe a ƙarshe. Takardu kada su wuce shida a farantin milimita 90, da tazarar aƙalla milimita 24 daga tsakiyar wata zuwa tsakiyar wata. Wadda ta taɓa aga ta zauna ke nan, ba a matsar da ita, domin maganin ya fara fita tun a daƙiƙar farko.

Su kansu takardun a firji suke zama tare da abin tsotse danshi. A fito da su awa ɗaya kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa ta kwanta musu ta lalata maganin, dangin penisilin ne kuma ke fara mutuwa. Zoben nan mai hannuwa takwas ko goma da ya cika kasuwa, wanda aka yi don fitsarin mutane, bai dace da wannan aiki ba: magungunansa ba su ne ake ba saniya ba, ƙarfin wasunsu bai yi daidai da teburin fassara ba, da'irorin kuma kan shiga juna. Ga Staphylococcus a nemi takardu ɗai-ɗai: penisilin yunit 10, sefoksitin maikirogiram 30, eritromaisin 15, kilindamaisin 2, tetrasaikilin 30, jentamaisin 10, da haɗin tiraimetofirim da salfa 25. Tun da bakwai ne, sai an raba su a faranti biyu.

A kifa farantin a digiri 35 na awa 16 zuwa 18. Streptococcus awa 20 zuwa 24, haka ma sefoksitin a kan Staphylococcus marasa daskarwa sai ta cika 24. Ga wata matsala ta garinmu da littattafan Turai ba sa kawowa: akwatin ɗumi dumamawa kawai ya iya, ba ya sanyayawa. Idan ɗakin kansa ya kai digiri 40 da bazara, cikin akwatin ma haka yake ko da allonsa na nuna 35 ne aka saita, kuma sama da 35 bijirewar ƙwaya ga metisilin, wani ɗan dangin penisilin, na iya ɓuya. A sa ma'aunin zafi na daban a ciki, a rubuta safe da yamma, a ajiye akwatin a ɗaki mafi sanyi. Idan wuta ta ɗauke rabin dare da hunturu akwatin ya huce, a sake gwajin.

Kowane mako, da kuma duk lokacin da aka buɗe sabuwar aga ko sabbin takardu, a gwada ƙwayoyin awo, wato waɗanda aka riga aka san faɗin da'irar da ya kamata su bayar: Staphylococcus aureus ATCC 25923 da E. coli ATCC 25922. A kan ta farkon penisilin ya ba da milimita 26 zuwa 37, sefoksitin 23 zuwa 29. Idan aka fita daga nan, laifin na kayan aiki ne, sakamakon ranar duka ba abin fitarwa ba ne. Mai kai samfuri yana da haƙƙin ya tambaya ko ana yin wannan.

Karanta da'ira

Ana aunawa da rula ta bayan faranti, daga gefe zuwa gefe ta tsakiyar takardar, a kan baƙin abu. Sai a duba teburin CLSI, cibiyar da ke tsara ƙa'idojin ɗakunan gwaji, a fassara zuwa S, mai jin magani, I, tsaka-tsaki, ko R, mai bijirewa. Kowane magani da iyakarsa. A kan Staphylococcus aureus, tetrasaikilin mai milimita 20 S ce domin iyakarta 19, penisilin mai milimita 25 kuwa R ne domin sai ya kai 29. Wanda ya ɗaga faranti ya zaɓi da'ira mafi faɗi a matsayin magani mafi ƙarfi bai karanta komai ba.

Abu uku na buƙatar ido. Na farko bakin da'irar penisilin: ko ta kai 29, idan bakinta ya yanke tsaf kamar an datse, ƙwayar na yin sinadarin da ke fasa penisilin, a rubuta R. Mai jin magani bakinta dishi-dishi yake, yana ɓacewa a hankali. Na biyu sefoksitin. Ba don a yi magani da ita ake sa ta ba, ma'auni ce. Milimita 21 ko ƙasa a kan aureus, ko 24 ko ƙasa a kan yawancin marasa daskarwa, na nufin bijirewar metisilin, wato penisilin, ampisilin, amoksisilin, kuloksasilin da sefalosforin na dabbobi duk sun faɗi, komai faɗin da'irarsu. Irin wannan ƙwaya tana kama mutane, a sanar da masu tatsa. Na uku, a jera eritromaisin da kilindamaisin da tazarar milimita 15 zuwa 26. Idan da'irar kilindamaisin ta baje ta gefen da ke fuskantar eritromaisin ta yi siffar harafin D, ita ma R ce.

Daga takarda zuwa saniya

Yawancin iyakokin da ake fassara da su daga likitancin mutane aka aro su, an gina su a kan yawan maganin da ke kaiwa jinin mutum. Magunguna kaɗan ne, irin su seftiyofo, pirlimaisin da haɗin penisilin da nobobayosin, ke da iyakar da aka yi don hantsar saniya. Shi ya sa S ba alkawari ba ce. Alli da ke cikin madara na ɗaure tetrasaikilin ya rage mata ƙarfi. Jentamaisin da istireptomaisin da aka yi allurarsu a tsoka ba sa ratsawa cikin madara sosai, suna kuma daɗewa a ƙoda watanni. Aureus na ɓuya cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da cikin maruru inda magani ba ya kaiwa. Kumburi na toshe hanyoyin madara, abin da aka ɗura ya tsaya a ƙasa.

Daga cikin masu S, likita ya zaɓi mafi ƙanƙantar fage, wato wanda ire-iren ƙwayoyin da yake kashewa ba su da yawa, kuma wanda aka yi don hantsa. Idan penisilin ya yi, shi ne na farko. Dangin enrofuloksasin da sefalosforin na zamani suna cikin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun gaba wajen ceton ran mutane, a bar su sai babu makawa. Kuloramfenikol ba a ba dabbar da za a ci namanta ko a sha madararta. E. coli mai sauƙi yawanci tatsa akai-akai da maganin kumburi sun ishe ta. Aureus a karsana ya cancanci ƙoƙari, domin sabon kamu a ƙaramar dabba ya fi warkewa nesa ba kusa ba a kan tsohon ciwo a tsohuwar saniya, amma kwana biyar zuwa takwas yake so, ba allura ɗaya ba. A duba lambar NAFDAC da wa'adin kwalba, a guji wadda ta yini a rana a kan tebur, a auna nauyin dabba da igiyar awo maimakon kintace.

Ɗura magani a nono: a tatse sashen tas, a goge baki da sifirit kamar za a ɗebi samfuri, a shigar da kan bututun milimita 3 kawai, a matse, a tsoma nonon cikin ayodin na tsoma nono. Tura bututun duka na yage rufin cikin ƙofar, yana kuma tura datti ciki. Bututu ɗaya, sashe ɗaya. Zuƙo maganin allura daga babbar kwalba da tsohon sirinji a ɗura a nono hanya ce ta shigar da yis, haka ma zura tsinke ko gashin kaza don buɗe nonon da ya toshe. A ɗura da yamma bayan maraƙi ya sha, a ɗaure shi ya kwana a dangwali, in ba haka ba shi zai shanye maganin.

Madarar sassa huɗun duka ake zubarwa har kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika, ana ƙirgawa daga ɗurin ƙarshe, domin maganin na bi ta jini ya shiga sauran. Tafasawa ba ta kawar da shi, kindirmon da aka yi da ita ma sau da yawa ba ya kamawa. A ruga madara hakkin mata ce, su ke tatsa su kai talla, don haka a yi bayanin a gaban uwargida, ba ga maigida kaɗai ba, a ɗaura wa dabbar jan ƙyalle a ƙafa.

Ɓacewar gudaji ba warkewa ba ce. A sake ɗaukar samfuri kwana 14 zuwa 21 bayan gama magani. Aureus ba kullum yake fita a madara ba, sai samfuri biyu a jere sun fito babu komai kafin a ce ya tafi.

Sakamako kan ɗauki kwana uku, don haka babban amfaninsa na karsana ta gaba ne. A riƙe littafi: dabba, sashe, ƙwaya, S da R, maganin da aka ba, da abin da ya biyo baya. Ba a fitar da kashi cikin ɗari sai an tara aƙalla 30 na ƙwaya iri ɗaya, abin da makiyayan unguwa ɗaya ko ƙungiya za su iya haɗawa. Ɗura wa duk karsanar da ke da ciki magani kafin haihuwa ba abin yi ba ne haka kawai. Masana na ɗaukar garke yana da matsala ne idan sama da kashi 15 cikin 100 na masu haihuwar fari na zuwa da ciwon fili, kuma ko a nan a fara da raba maruƙa masu tsotsar juna, hana su madarar mai ciwo, maganin ƙuda da kaska, da busasshen makwanci a makonni biyun ƙarshe.

Sashen da aka yi wa cikakken magani sau biyu bisa sakamakon gwaji aureus bai fita ba, a daina kashe masa kuɗi. A tatsi dabbar a ƙarshe bayan kowa, da ƙwaryarta daban, a wanke hannu da sabulu. Likita na iya kafar da sashen ta ci gaba da uku. Idan sassa biyu ko fiye ne, ko ƙwayar ta bijire wa metisilin, a sayar wa mahauta bayan kwanakin jiran magani ya fita daga nama sun cika, ba wa makiyayin da zai kai ta cikin wani garke ba.